Salular da Ta Ƙi Shiga Lalita

Ku matso kusa, ɗiyan ɗiyana, ku ba ni aron kunnuwanku, in na gama ku amshi abinku. Wagga ba gatana ba ce, ba kura cikinta ba zomo. Wanda dariya ta kama da fari ban hana shi ba, don ni ma na yi tawa kafin in san inda maganar za ta kwana. Na ji ku gindin bedi kuna gardama kan salulolin zamani, wani na cewa sun yi kauri ba su ɗaukuwa, wani na cewa kaurin nan shi ne ƙarko. Ku da hannu kunka auna su. Ni da ƙuguna na auna, da wuyana, da kuma wani abu da ba shi dawowa.

Lokacin da muke ƴan mata, duk abin da mace ke fita da shi gida biyu gare shi, haɓar zane da lalita. Lalita, ku da ba ku san ta ba, ƴar jaka ce ta tsumma, siririya, mai igiya, a ɗaura ta ga ƙugu ƙarƙashin zane, ba mai ganinta sai mai ita. Cikinta akwai ɓarin goro, da allura cake ga ƙyalle, da ƴar jar kanwa saboda ciwon ciki, wata ta ƙara da tandun tozali. Da ita muke daka, da ita muke jan guga a rijiyar da sai an haɗa igiya uku, da ita muke hawan dutse biɗar itace, ba ta taɓa ce mana ga ni nan ba. Garinmu da asuba ba ka jin komi sai lugude, turmi na amsa ma turmi daga wagga shiyya zuwa waccan, da kukan kurciya bisa rumbu, da muryar Buzu mai tallan gishiri shina jan raƙuminshi. Yanzu injin niƙa ya haɗiye lugude, kuma kowane aljihu da irin kukanshi. Kakata ta wajen uwa, wadda ta mutu ba ta taɓa sa goshi ƙasa ba, don gidansu gidan arna ne na asali, masu yanka ga dutse kafin a yi shuka, takan ce: "Kayan da ke tuna miki da kanshi ba naki ba ne, ke ce tashi." Muna ji muna wucewa, mun ɗauka da masu munduwa mai nauyi take.

Labari kuwa da ƙafa shike tafiya. In abu ya faru sai a tada mutum, babba mai hankali, a ce mishi je ka iske wance. Kuma iskewa ake nufi. In ya zo gida ba ki nan ya bi ki rijiya, in ba ki rijiya ya bi ki gona, in kin tafi garin gaba ya sake ɗaura takalminshi. Ba shi da ikon komawa ya ce na je ban same ta ba. Wanda ya yi haka ba a sake aikenshi, har ɗiyanshi sai an yi ma gori. In ya iske ki ya yi sallama, ya sha ruwa, ya tambayi gajiya da damina, sa'an nan ya aje maganar a hankali kamar mai sauke tulu cike. Ba shi ragewa, ba shi ƙarawa. Manya na cewa saƙo bai isa ba sai ido ya ga ido.

Na ga haka da idona shekarar da anka fara yi mani kitson ƴan mata. Muna gonar tudu, ta bayan dutse, wadda in ka tashi da asuba sai rana ta take tsaka kake isa. Ni ce da innata da ƙawata Tanoma, ɗiyar maƙwabtanmu, wadda munka tashi tare tun muna cin ƙasa. Muna roron wake, sai ga wanzamin garinmu, dattijo, da sandarshi, ƙarangiya ta cika mishi bakin wando. Ya sha ruwa. Ya yaba waken. Sa'an nan ya buɗe tafin hannunshi, ga munduwar kakata ta jan ƙarfe. Innata ba ta tambaye shi komi ba, ta aje ƙwarya ta gyara ɗaurin zane. Shekara biyu sunka yi ba su magana da uwarta, kan wata akuya da har yau ban san mai gaskiya ba. Munka isa da marece, tsohuwar na da sauran numfashi. Innata ta durƙusa ta kama ƙafarta da hannu biyu ta ce, "Inna, ki yafe mani." Tsohuwar ta ce, "Kin daɗe bisa hanya. Na yafe. Ke ma ki yafe mani, bakina ya yi zafi." Kafin kaji su shiga akurki ta cika.

Bayan an kai ta, anka raba tarkacenta, anka ba ni wuri biyu, irin farin nan na kuɗin mutanen da, wanda takan ɗinka ga ɗamararta. Na ja Tanoma bayan rumbu, na ba ta ɗaya na riƙe ɗaya. Munka yi alkawari irin na yara, wanda ya fi na manya ƙarfi don ba a san wuyarshi ba: duk wadda ta ji tafiyarta ta matso ta aiko da nata, ɗayar ta taho ko tuwo na bisa wuta. Tanoma ta ce, "Ni zan riga ki. Ke rowa gare ki, ko ranki ba ki ba da shi da sauƙi."

Munka yi aure gari ɗaya, munka yi goyo tare. Sai mijinta ya kamu da tarin nan da ba shi jin saiwa, sunka ɗauke shi zuwa asibitin mishan da ke bakin gudron, babbar hanyar kwalta, can gaba da Madawa. Ya warke, ya samu aikin ban ruwa a lambun wurin, sunka zauna. Bayan damina uku labari ya zo cewa sun shiga addinin masu asibitin. A lokacin mu ma ba mu daɗe da kama salla ba. Surukina da hannunshi ya rushe wurin yankan gidansu, kuma kun san sabon shiga ya fi kowa zafi. Da Tanoma ta haifi ɗiyarta mace, ta tado mutum takanas, da ƙwaryar albasa bisa kanshi. Ya iske ni bakin rijiya cikin mata, ya ce ƙawarki ta sauka lafiya, tana son ki zo suna. Mata sunka saki igiya sunka zuba mani ido. Don su na yi maganar da na yi, ba don Allah ba, yau na faɗi gabanku. Na ce, "Ka ce mata ƙawata ta mutu tun ran da ta shiga majami'a." Mutumin ya dube ni ya ce, "Haka zan faɗi?" Ƙofa ya buɗe mani, ban shiga ba. Na ce haka za ka faɗi. Ya ɗauki albasarshi, ya kai maganar da ƙayarta.

Shekaru sunka yi ta wucewa. Na aurar da ɗiya, na yi takabar miji, haƙora sunka zube. Wurin nan na alkawarinmu bai bar ƙuguna ba. Lalita ta tsufa in ɗinka wata in mai da shi ciki, ban jefar ba, ban kuma tafi ba.

Sai zamanin salula ya zo. Autana, wanda ke zuwa biɗa Abijan, ya kawo mani ta fari, ƴar ƙarama baƙa mai tocila ga kai, ba ta fi guntun sabulu ba. Ba zan yi mata ƙarya ba, waccan ta san ladabi. Ta shige lalita ta kwanta kusa ga wuri da goro, in an yi mata caji ran kasuwa sai wata kasuwar. Ko gonar tudu tana kamawa, don bisa dutse rezo, abin nan da ke ɗauko murya, ya fi na cikin gari. Ta cikinta Tanoma ta same ni. Matar Auta ta je haihuwa asibitin nan, wata mai aiki wurin ta ji sunan garinmu ta yi ta tambaya. Ashe Rifkatu ce, jaririyar da na ƙi zuwa sunanta, ta girma har ta zama uwar ɗiya. Ta amshi lambata. Wata walaha ina tankaɗe, sai ƙuguna ya yi kuka.

Na ce, "Wa ke nan?"

Muryar ta ce, "Har yanzu kina amsa sallama kamar mai korar akuya."

Na zauna bisa turmi. Munka gaisa. Ina gajiya, ina ɗiya, ina damina, hatsi ya yi kuwa, wance na nan, wane ya rasu. Munka yi ta zagaye maganar kamar yadda ake zagaye rijiyar da bakinta ya rufta. Can ta ce, "Shina nan?"

Na ce, "Shina nan cikin lalita, ga shi ina taɓa shi."

Ta ce, "Nawa ma."

Kalmar roƙon gafara na bisa harshena, na haɗiye ta. Wannan karon ba girman kai ba ne. Na ga yadda innata ta kama ƙafa, kuma ban san yadda ake kama ƙafar mutum ta cikin ƙarfe ba. Na ce mata, "In an kai amfani gida ina tahowa. Akwai maganar da sai na gan ki." Ta ce, "Ki taho mani da waken tudu, na nan ruwa ne zalla."

Damina na tsaka Auta ya dawo da wagga da kuke gardama kanta. Ya zauna gabana shina murna kamar ya kawo mani kujerar Makka. Faɗinta ya wuce tafin hannuna har da yatsu, kaurinta kamar an ɗora masa uku, kuma ya sa mata rigar roba mai kunnuwa ga kowace kusurwa.

Ya ce, "Inna, wagga ko kamyo, babbar motar kaya, ya taka ta ba ta fashewa. Batirinta kwana huɗu. Kuma za ki riƙa ganin fuskata."

Na ce, "Fuskarka na san ta tun ba ta da gemu. Ina zan sa ta?"

"Cikin sak, jakar hannu irin ta mata."

"Ka taɓa ganin mai roron wake da sak?"

Ya yi dariya. Ya buɗe bayan ƴar ƙaramata, ya zare ɗan abin da lambata ke ciki, ya mai da shi ga babbar. Ƙaramar ya ba wani abokinshi makiyayi. Wai kunya shike ji a ga uwarshi da irin wadda ko mai tallan ruwa ya raina. Ban hana ba. Ɗa in ya yi miki alheri ba ki ce mishi alherinka ya yi nauyi.

Na gwada, Allah shaida ne. Lalita ta ƙi ta, har bakinta ya yage. Na ƙulle ta ga haɓar zane na tafi kasuwar Tabotaki, kowane taku ta doki cinyata. Gaban mai goro, wanda taubashina ne, na duƙa in zaɓa, sai na ji ɗaurin ya saki. Zane ya sauka har gwiwa, ni mai jikoki, tsakar kasuwa, daga ni sai fatari. Ya ce, "Tsohuwa, tubalin wa kinka sato?" Na ce, "Na kabarinka ne, na fara tara maka." Mutane sunka yi dariya, na taya su ina ɗaura zane, amma sai da wata ya mutu kafin in sake bi ta rumfar nan. Matar Auta ta ɗinka mani jaka mai igiya na rataya ga wuya, kamar akuya mai ɓarna da anka ɗaura ma gungume. In na duƙa bisa murhu ta yi lilo ta bugi tukunya, in na miƙe ta bugi ƙirjina, kafin marece wuyana ba shi juyuwa. Daga ƙarshe na yi mata abin da ake ma kayan da ba a amfani da su kuma ana jin kunyar yarwa. Na naɗe ta da ƙyalle, na sa cikin kwalla na rufe, na tura ƙarƙashin gado. Da Auta ya koma Abijan, ran Juma'a ake fiddo ta, ya ga fuskata, a mai da ta.

Wake ya nuna. Munka ɗaura amalanke ni da matar Auta, sai gonar tudu, waccan dai da wanzami ya iske mu. Kwana uku za mu yi cikin bukka. Na tsaya bakin ɗaki na dubi ƙarƙashin gado, na shafa wuyana, na ja ƙofa na sa kwaɗo. Raina ya ce in wani abu ya taso ai an san inda nike. Ga kuskurena nan, ku riƙe shi: na ɗauka har yanzu ana biɗar mutum. Kuma kwanakin nan raina fari ƙal, ina ware manyan ƙwaya cikin buhu dabam, na Tanoma, ina bitar maganar da zan faɗa mata.

Rana ta uku da la'asar munka shigo gari. Maƙwabciyata na zaune ƙofar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta ce, "Sannu da gajiya. Abin nan naki ya hana mu sakat, tun shekaranjiya shike kuka cikin ɗaki."

Na ce, "Ba ki tado kowa ba?"

Ta ce, "In tado wa? Na ce ai in kin dawo kin gani."

Moton ɗanta, wato babur, na jingine ga bango. Gonar da dattijo ya taka da ƙafa da sanda, moto na isa kafin a dama hura a sha.

Batirin da Auta ya yaba ya cika alkawarinshi, kwana biyu tana kuka ba ta mutu ba. Matar Auta ta shafa fuskar abin, sa'an nan ta ce kiran Rifkatu ne, ya fi a ƙirga, kuma an bar murya. Ta taɓa. Na ji Rifkatu na cewa, "Mama, yi magana, tana ɗauka." Sai numfashi mai ƙara kamar zugazugin maƙeri. Sai ita.

"Ƙawa. Wadda kinka ce ta mutu ce. To, ba ta mutu ba tukuna, amma ta ɗaure kaya. In kina son ki riske ta ki yi sauri." Ta yi ƴar dariya, tari ya amshe. "Bar waken. Ke dai taho."

Matar Auta ta kira lambar. Rifkatu ta ɗauka ta ce, "Inna, ina kinka shiga? Mama ta cika yau da azahar." Ba sallama, ba shan ruwa, ba ina gajiya. Haka ake ba da labarin mutuwa yanzu, ba a sauke shi, jefo shi ake.

Da safe mai kabu-kabu ya kai ni Madawa bisa moto, taksi ta kai ni bakin asibitin. Na iske ba su kai ta ba, mutanensu na zaune ƙarƙashin rumfa suna waƙa a hankali. Rifkatu ta ja ni ɗaki. Ta yi ƙanƙanta, Tanoma, kamar lokacin da muke bayan rumbu. Na durƙusa, na ɗaga bakin mayafi, na kama ƙafarta da hannu biyu yadda na ga an yi. Na ce, "Ƙawa, ki yafe mani." Na jira. Ba wanda ya ce mani kin daɗe bisa hanya. Rifkatu ta dafa kafaɗata ta ce, "Inna, ai ta yafe miki tuntuni." Na ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Ba bakinki nike jira ba."

Sai ta sa hannu cikin aljihun rigarta ta aiki, ta fiddo wurin uwarta, na alkawarinmu. Ya yi santsi, ya yi ja, kamar nawa. Ta kasa dubana. Ta ce, "Tun ran da jikin ya tsananta ta kwance shi, ta ce in ba mai kabu-kabu ya kai miki, ya bi ki duk inda kike. Na ce, Mama, wane zamani muke? Kafin ya tada moto na kira ta sau goma. Ta ce, ke dai ki aika. Na ce to. Na sa shi aljihu, na ci gaba da kira."

Mi zan ce mata? Ita ta amince da abin da ke hannunta, ni na amince da ƙafar mutane, tsakanin amincewarmu biyu Tanoma ta wuce. Kada ku ce na ɗora ma ƙarfe laifin bakina. Shekarun nan masu yawa ni na ɓatar da su, bakin rijiya, don mata su ce ni mai addini ce. Amma kwana biyun ƙarshe Allah ya ba ni su kyauta, kuma su abin nan ya ci, kwance cikin kwalla, don wanda ya ƙera shi bai taɓa tambayar inda tsohuwa ke aje kayanta ba. In kuna son ku san ko ya yi kauri, ga amsata: duk abin da anka yi don ya kira mutum, in har sai an bar shi gida kafin a iya duƙawa, ya yi kauri.

Rifkatu na nan wurin aikinta. Tun daga ranar ba ta sake kirana ba, in tana da magana mota take shiga ta taho, kuma kowace shekara ita ke amsar buhun waken uwarta. Maƙwabciyata muna gaisawa, ba ta san ta yi komi ba, ni kuma ban faɗa mata ba. Mai goro ya rasu bara, na je gaisuwa, ba wanda zai sake ce mani tsohuwa in ji daɗi. Auta da ya ji labari ya yi kuka, ya ce zai biɗo mani marar nauyi, ya aiko da wata da ta fi ta fari tsawo, na ba matarshi. Ƴar ƙaramata na hannun makiyayi, an ce har yau tana kamawa bisa dutse. Babbar na cikin kwalla. Duk ran kasuwa nakan sa a yi mata caji don kada muryar da ke ciki ta mutu, amma ban sake yarda an taɓa mani ita ba.

Ni kuwa ga ni, na ɗinka sabuwar lalita. Wuri biyu ke ciki yanzu. In ina tafiya sukan bugi juna, ƙas, ƙas, ba mai ji sai ni. Ku amshi kunnuwanku.